Yaron da zafi ya buge a filin wasa: a sanyaya shi tukuna ko a garzaya da shi asibiti?

Koci, Sakkwato:
Assalamu alaikum. Ina koyar da yara 'yan shekara 12 zuwa 16 ƙwallon ƙafa, kuma ina neman shawarar likitoci da malamai da iyaye kan abin da yake hana ni sukuni duk lokacin da bazara ta kama. Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu zafin garinmu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, filin da muke aro kuwa ba ya samuwa sai daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, domin daga nan har magariba na manyan ƙungiyoyi ne. Ina so in san alamun da za su nuna mini cewa yaro ya wuce gajiyar da aka saba gani ya shiga haɗari, da abin da ya kamata in fara yi idan hakan ta faru, domin asibiti mafi kusa da mu tafiya ce mai ɗan nisa ko da a babur.

Tsohon ɗan wasa, Kaduna:
Wa'alaikumus salam. Koci, ina ganin an cika tsorata kai da wannan batu. A zamaninmu da tsakar rana ake fitar da mu gudu, ba a ba mu ruwa sai an tashi, domin masu horar da mu sun ɗauka cewa ruwa yana nauyaya ciki yana kawo ciwon gefe, kuma da wannan horon muka yi ƙarfi. Jiki yana sabawa da abin da aka saba masa. Yaron da aka haifa a Sakkwato ko Maiduguri ba baƙon rana ba ne, kuma idan aka riƙa tsayar da wasa kowane ɗan lokaci ana kai shi inuwa, ranar da zai fita gasa a cikin zafi ba zai iya jurewa ba.

Likita, Kano:
Yallaɓai, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin ne mai muhimmanci. Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi: cikin kwana 10 zuwa 14 na horo da ake ƙara nauyinsa sannu a hankali, mutum yakan fara yin gumi da wuri, guminsa ya ƙaru, gishirin da ke fita a ciki ya ragu, ruwan jininsa ya ƙaru, bugun zuciyarsa ya sassauta. Sai dai sabon da ake nufi shi ne na motsa jiki cikin zafi, wanda ya bambanta da zama a garin zafi, kuma yakan fara zubewa idan aka yi 'yan makonni ba a horo. Shi ya sa ranakun farko bayan dawowa daga hutun makaranta ko bayan jinya suka fi kowane lokaci haɗari.

Inda ban yarda da kai ba shi ne batun hana ruwa. Jiki ba ya koyon jure ƙishirwa ta hanyar hana shi ruwa. Abin da yake faruwa shi ne jini ya ragu, zuciya ta ƙara wahala, gumi ya ja baya, zafin cikin jiki ya yi ta hawa. Gumi yana aiki ne kamar yadda randa take sanyaya ruwa: danshin da ya tsattsafo ya bushe a iska shi ne yake ɗauke zafin. Idan babu ruwan da zai tsattsafo, ko kuma iska ta cika da danshi har gumin ba ya bushewa, kamar yadda muke gani a ƙarshen Mayu da farkon Yuni gab da saukar damina, hanyar fitar da zafin ta toshe. Waɗanda suka yi irin horonku suka tsira su ne muke jin labarinsu yau, waɗanda suka faɗi suka daina zuwa fili kuwa babu wanda ya bi sawunsu ya ji abin da ya same su.

Koci, ga amsar tambayarka ta farko. Akwai ƙagewar tsoka, musamman a sha-raɓa da cinya, wadda hutu da miƙa ƙafar da shan ruwa mai ɗan gishiri suke warwarewa. Akwai galabaita: yaro ya yi sharkaf da gumi, ya ji jiri da ciwon kai da tashin zuciya, ƙafafunsa su yi sanyi, amma idan ka tambaye shi sunansa da inda yake zai amsa maka daidai. Wannan a kai shi inuwa, a cire masa riga da takalmi da safa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa shi ana yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kuma ya gama wasa ke nan a wannan rana. Na uku shi ne bugun zafi, wanda yake kisa: zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa kuma ta fara taɓuwa. Abin da za ka sa wa ido shi ne hankalin yaron. Idan ya fara tangaɗi, ko ya nufi ragar da ba tasa ba, ko yana magana ba kan gado, ko yaro mai ladabi ya hau zagi da faɗa ba dalili, ko ya faɗi ya suma, ko ya fara jijjiga, to ka ɗauka bugun zafi ne har sai an tabbatar da akasin haka. Kada ka jira fatarsa ta bushe, domin wanda wasa ya jawo masa wannan ciwo galibi yana nan jiƙe da gumi.

Hajiya, Gusau:
Likita, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya fassara mini abin da na gani da idona. A gasar wasanni ta wata makaranta, ɗan maƙwabciyata ya shiga tseren dogon zango da aka fara wajen ƙarfe ɗaya na rana, saboda an tsaya jiran manyan baƙi tun safe. A zagaye na ƙarshe sai ya bar layinsa ya nufi wajen 'yan kallo yana kiran sunan kakarsa da ta rasu, idanunsa a buɗe amma ba ya gane kowa, da aka riƙe shi kuma ya yi ta fizge-fizge. Nan take mutane suka ce iska ce ta taɓa shi. Wani ya kawo albasa yana shaƙa masa, wata tana ƙoƙarin ɗura masa lemon kwalba, aka kewaye shi har iska ba ta isa gare shi, ga kuma jarkokin ruwa a ƙarƙashin rumfar baƙi babu wanda ya yi tunanin zuba masa. Daga baya aka sa shi a adaidaita-sahu zuwa asibiti, inda ya yi kwanaki a kwance, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, likitoci suka ce ƙodarsa ta taɓu. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma har yau uwarsa ba ta barinsa ya shiga gudu. Tambayata ita ce, da an zuba masa ruwan sanyi jikinsa yana zafi haka, ba zai jawo masa wata cutar ba? Mun taso muna jin ana hana mai zafin jiki wanka da ruwan sanyi.

Likita, Kano:
Hajiya, da an zuba masa wannan ruwan tun a fili, da wataƙila ƙodar ba ta taɓu ba. Ɓarnar da bugun zafi yake yi wa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da tsoka ta dogara ne a kan tsawon lokacin da jiki ya ɗauka yana cikin wannan zafi, shi ya sa ƙa'idar da likitocin wasanni suka tsaya a kai ita ce a sauko da zafin ƙasa da digiri 39 cikin minti 30 na farko. Wanda aka yi wa haka kusan kullum yakan rayu. Baƙin fitsarin da kika gani alama ce ta narkewar tsoka, wadda dattinta yake toshe ƙoda. Saboda haka tsarin shi ne a fara sanyayawa a inda yaron ya faɗi, a aika wani ya nemo mota a daidai wannan lokaci, sannan a tafi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Babu laifi mai addu'a ya yi addu'arsa, amma hannuwa su kasance suna zuba ruwa. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe komai a baki, domin zai iya shaƙewa ya wuce huhu, kuma idan yana amai a juya shi ya kwanta a gefensa. Farasitamol ba ya aiki a nan, tunda wannan zafin ba irin na zazzaɓi ba ne, kuma yana iya ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi.

Wannan jinkiri ba a ƙasashenmu kaɗai yake kisa ba. A ranar 29 ga Mayun 2018, Jordan McNair, ɗalibi ɗan shekara 19 mai buga ƙwallon Amurka a Jami'ar Maryland, ya galabaita a wajen horo. Ba a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ba, kuma sai da aka shafe fiye da awa ɗaya kafin a tafi da shi asibiti, inda ya rasu ranar 13 ga Yuni duk da dashen hanta da aka yi masa. Shugaban jami'ar ya fito ya amsa cewa alhakin kurakuran yana wuyansu. Kafin shi, mutuwar da bugun zafi ya jawo wa Korey Stringer, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Minnesota Vikings, a watan Agustan 2001 ce ta kai ga kafa cibiya mai sunansa a Jami'ar Connecticut a 2010, wadda aikinta shi ne hana irin wannan mutuwa a filayen wasa. Waɗannan wurare ne masu kuɗi da kayan aiki, abin da aka rasa shi ne yanke shawarar sanyayawa a kan lokaci.

Malamin motsa jiki, Damagaram:
Ranka ya daɗe Likita, na gamsu, amma ina so mu sauko kan abin da muke da shi a hannu. Mu a makarantarmu babu kwamin wanka, babu firiji, wutar lantarki ma a watan Afrilu sai an yi sa'a. Idan ana maganar tsoma yaro cikin ruwan ƙanƙara, malamin ƙauye zai ji kamar ba da shi ake ba.

Likita, Kano:
Da shi ake, Malam. Tsomawa cikin ruwan ƙanƙara har wuya, kai yana waje wani yana tallafe da shi, ita ce hanya mafi sauri, tana sauke kusan digiri ɗaya a kowane minti biyar. Wanda ba shi da baho babba zai iya amfani da tamfol ko babbar leda mai kauri: a shimfiɗa ta a inuwa, a kwantar da yaron a tsakiya, mutum huɗu ko shida su kama gefuna su ɗaga, a zuba ruwa da ƙanƙara, a riƙa jijjiga ta domin ruwan ya yi ta zagaya jikinsa. An gwada wannan hanya kuma tana aiki sosai. Idan babu ƙanƙara sam, a tuɓe masa kaya a yi ta kwarara masa ruwa mafi sanyi da aka samu daga kai har ƙafa, wasu suna fifita da kwali ko faifai ba tsayawa, domin busasshiyar iskar Maris da Afrilu tana sa ruwan ya bushe da sauri ya tafi da zafi. Ɗora ƙanƙara a hammata da wuya da matsematsi kaɗai ba ya isa, sai dai a haɗa shi da jiƙa dukkan jiki. Kuɗin kurar ɗan garuwa guda da 'yan dunƙulen ƙanƙara a cikin kula bai kai kuɗin hayar rumfa da kujerun baƙi ba, saboda haka duk makarantar da ta iya shirya gasa za ta iya tanadar wannan.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
Likita, ina da ɗan ja a nan. A yankinmu yaron da ya rikice ya suma yana iya kasancewa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ko sukarin jininsa ne ya faɗi don bai karya kumallo ba, ko ya bugu a ka, ko farfaɗiya ce, ko zuciyarsa ce ta tsaya. Koci ba shi da hanyar bambancewa, kuma ma'aunin zafi na goshi da na hammata ba abin dogaro ba ne ga wanda ya gama gudu yana gumi. Na dubura ne yake nuna gaskiyar zafin ciki, shi kuwa ba na jin akwai kocin da zai yi amfani da shi a kan ɗan mutane a fili. Ina tsoron kada a ɓata minti ashirin ana zuba ruwa alhali ciwon daban ne.

Sannan akwai abin da ba a ambata ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS, wato ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau kuma suna wasa ba matsala, amma gudu mai tsanani ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, yana iya sa ƙwayoyin jininsu su lanƙwashe su toshe hanyoyin jini a tsoka. Irin wannan yaro yakan zube ne tun farkon horo, ƙafafunsa su saki, tsokarsa a sake ba a ƙage ba, yana iya magana da farko, jikinsa kuma ba lallai ya yi zafi sosai ba. Saboda mace-macen da aka samu ta haka ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman a san matsayin jinin 'yan wasa tun 2010.

Likita, Kano:
Sista, jan naki yana kan hanya. Abu na farko kullum shi ne a duba numfashi: yaron da ya zube ba ya numfashi, ko yana shessheƙa jefi-jefi, zuciyarsa ce ta tsaya, kuma abin da yake bukata shi ne danna ƙirji nan take, ba ruwa ba. Wanda aka ga ya yi karo da wani ko ya bugi turken raga, a kula da wuyansa da kansa. Amma yaron da yake tsaka da gudu cikin rana, jikinsa ya ɗau zafi, hankalinsa ya juya, yana numfashi, to sanyaya shi na minti 10 zuwa 15 a ruwan ƙanƙara yayin da ake nemo mota ba zai cutar da mai maleriya ba, rashin yin hakan kuwa zai iya kashe mai bugun zafi. Idan ya fara rawar sanyi, a fitar da shi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, sai an kai shi asibiti an duba jininsa da fitsarinsa. Maganarki ta tuna mini da wani abu: yaron da ya yi zazzaɓi ko gudawa ko amai a 'yan kwanakin nan bai kamata ya yi horo cikin zafi ba, haka mai ƙiba da wanda bai samu barci ba suna bukatar sassauci. Game da masu AS, ba a hana su wasa, sai dai a bar su su ƙara nauyin horo a hankali, su huta tsakanin gudu da gudu, kuma su tsaya da zarar sun ji ƙafa ta saki.

Koci, Sakkwato:
Na gode ƙwarai. Saura batun azumi. A 2024 da 2025 watan Ramadan ya faɗo cikin Maris, na 2024 ma ya shiga Afrilu, a daidai makon da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Manyan yarana suna azumi, kuma ba sa son a ce sun gaza.

Malamin Islamiyya, Katsina:
Koci, a ɓangaren shari'a babu ruɗani. Azumi bai wajaba a kan yaron da bai balaga ba, wanda ya balaga kuma idan ya kai halin da ake tsoron halakarsa, karya azumin ya zama dole a kansa, daga baya ya rama. Sai dai ni a ganina bai dace babba ya jefa yaro mai azumi cikin wannan hali da hannunsa saboda wasa ba. A mayar da horon bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi inda akwai fitila, in kuma babu, a taƙaita shi zuwa motsa jiki mara nauyi gab da magariba. Zuba wa mai azumi ruwa a jiki ba ya karya azuminsa, saboda haka kada wani ya yi jinkirin jiƙa yaron da ya faɗi.

Tsohon ɗan wasa, Kaduna:
Na karɓi maganar sanyayawa da ta azumi. Amma har yanzu ina ganin yawan tsayar da wasa yana kashe zafin nama, kuma ƙwallo ba ta san inuwa ba.

Malamin motsa jiki, Damagaram:
Yallaɓai, manyan 'yan wasan duniya ma ana tsayar musu. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Burazil, a wasan Holan da Meksiko da aka buga a Fortaleza ranar 29 ga Yuni, alƙalin wasa ya ba da hutun shan ruwa a kowane rabin lokaci, bisa ƙa'idar FIFA ta yin haka idan ma'aunin da yake haɗa zafi da danshi da hasken rana ya kai 32. Gasar 2022 a Katar an ɗage ta zuwa Nuwamba da Disamba saboda zafi. A gasar guje-guje ta duniya a Doha a 2019 an fara gudun dogon zango na mata da tsakar dare, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su kai ƙarshe ba. Idan ƙwararrun da likitoci suke biye da su suna bukatar wannan, ɗan shekara 13 da ya zo fili da ƙafa daga makaranta ya fi su bukata. Abin da na fi ƙi a wurin abokan aikina shi ne mayar da zagaya fili da tsallen kwaɗo cikin rana horon ladabtarwa, domin yaron da ake hukuntawa ba zai taɓa buɗe baki ya ce jiri yake ji ba.

Likita, Kano:
Wannan batu na ƙarshe shi ne ainihin bambancin yaro da babba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2011 cewa yaron da ya sha isasshen ruwa yana iya fitar da zafi daga jikinsa kamar babba. Abin da yake jefa shi cikin haɗari shi ne yadda manya suka tsara masa wasan, ga shi kuma ba shi da ikon cewa ya isa. Sun ba da shawarar yara 'yan shekara 9 zuwa 12 su sha mililita 100 zuwa 250 kowane minti 20, wato daga 'yan kurɓi zuwa rabin ledar ruwa, matasa kuma har lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa idan suna gumi sosai, sannan a bar aƙalla awa biyu tsakanin wasa da wasa a rana ɗaya. Kada kuma a tilasta wa yaro ɗirkar ruwa fiye da kima, domin hakan yana tsarma gishirin jini har ya kawo ruɗewa. Fitsarin safe mai haske alama ce ta cewa ruwan jiki ya wadata, mai duhu kuwa yana nuna a ƙara sha kafin a zo fili.

Koci, ƙarfe uku na yamma a Sakkwato cikin Afrilu yana cikin lokutan da suka fi zafi a yini, kuma idan filin na ciyawar roba ne, zafin da yake tasowa daga ƙasa ya fi na ciyawa ta gaske nesa ba kusa ba. Ka nemi a ba ka bayan sallar asuba a ranakun da babu makaranta. A sauran ranakun ka jinkirta farawa zuwa bayan la'asar ko da lokacin zai gajarta, ka ba da hutu a inuwa kowane minti 15 zuwa 20, yara su sa riguna marasa nauyi masu haske, ka haɗa su bibbiyu kowa yana lura da ɗan'uwansa, kuma ranar da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta fitar da gargaɗin tsananin zafi ka soke horon.

Hajiya, Gusau:
Likita, to shi ɗan maƙwabciyar tawa, zai iya komawa gudu ko ya haƙura ke nan?

Likita, Kano:
Yawancin waɗanda suka warke suna komawa, Hajiya, amma da sharaɗi. Bayan an sallami yaro daga asibiti ya kamata ya yi aƙalla mako ɗaya ba ya motsa jiki mai nauyi, likita ya sake duba aikin hantarsa da ƙodarsa ya ga sun daidaita, sannan ya fara da ɗan gudu a lokacin sanyin safiya, a riƙa ƙara masa tsawon lokaci da nauyi da zafin wurin cikin makonni biyu zuwa huɗu, wani babba yana tsaye a kansa. Tunda ƙodarsa ta taɓu, uwarsa ta koma da shi wurin likitan da ya duba shi a yi masa gwajin jini da na fitsari kafin ya fara, kuma ta sanar da malamin wasanninsu abin da ya taɓa faruwa da shi.